Talabijin ɗin Kawu da hotunan da babu wanda ya ɗauka

Wata Asabar bayan la'asar Kawu ya kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai ne mai sana'ar hoto, zo ka duba min abin nan da ɗan'uwanka ya kafa min a falo. Ina jin jabu aka sayar masa."

Ɗan nasa ne ya dawo daga Legas da filasma mai inci 55, ya sa aka manna ta a bango, aka fitar da tsohuwar mai doro aka kai ɗakin ajiya. Filasma muke ce musu duka, ko da yake an daina ƙera filasmar gaske tun wajen 2014. Waɗanda ke kasuwa yanzu wani iri ne daban, sunan ne kawai ya bi su. Na je bayan magariba na tarar da Kawu a kan darduma, ya jingina da kujera, rimot a hannu, fuska ba annuri. Ya kunna min wani tsohon fim ɗin Indiya daga cikin waɗanda jikokinsa suka tura masa a filashi.

Ya ce, "Duba nan. Fim ɗin nan sau bakwai na gan shi, biyar a Plaza, biyu a Marhaba, tun ba a haifi uwarka ta ƙarshe a ɗakinsu ba. Na san shi kamar yunwar cikina. Wannan ba shi ba ne."

Na ce, "Kawu, ai shi ne. Ga jarumin nan, ga waƙar."

"Labarin shi ne, mutanen su ne. Amma kamar jiya aka ɗauke su a bayan gidan nan. Dubi dutsen can, kana gani ka san kwali ne. Dubi hodar fuskar yarinyar. Kamar diramar da ake yi mana a talabijin da daddare."

Ban ƙara musu ba, domin tun a minti na farko idona ya ga abin da nasa ya gani. Shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗaukar bidiyon biki, suna, walima, saukar karatu, da duk wani taron da aka kira ni. Na san cutar, wani saiti ne da ke sa talabijin ta ƙirƙiro ƙarin hotuna da kanta, na san maganinta, maganin ma bai wuce danna rimot sau biyar ba. Abin da ya burge ni shi ne tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, ya gano ta da ido tsirara, ya kuma siffanta ta daidai da yadda masu shirya fim na Amurka ke siffanta ta.

Sai na fara daga tushe. Babu abin da ke motsi a cikin fim. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su. A silima hoto 24 ake nunawa a kowane sakan. Wannan adadi ba saukakke ba ne, ciniki aka yi. Kafin fim ya fara magana, da hannu ake juya kyamara, kowa da saurinsa. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, dole aka tsayar da gudu guda, in ba haka ba murya ta riƙa hawa da sauka. Aka nemi adadin da zai ishi sauti, kuma ba zai cinye zaren fim mai tsada ba, aka tsaya a kan 24. Yau kusan shekara ɗari, duk wani fim da Kawu ya biya kuɗi ya gani a Fagge da wannan adadin aka ɗauke shi, daga Bombay har Hong Kong.

Hoto 24 kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke rufa masa asiri shi ne dishi-dishin da ke cikin kowane hoto. Ƙyauren kyamara, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga, yakan buɗe na rabin lokacin da aka ba kowane hoto, wato kashi ɗaya cikin 48 na sakan. Duk abin da ya motsa a wannan ɗan tsakanin sai ya bar jela. In kana so ka gani, tsayar da fim daidai lokacin da wani ya kai naushi: ba za ka ga yatsu ba, sai wani shafaffen abu kamar an goga gawayi a bango. Kaɗa hannunka da sauri a gaban fuskarka, haka idonka ma yake gani. Wannan shafewar ita ce ƙullin da ke haɗa hoto da na gaba da shi.

Ni da kaina na koyi wannan da kuɗina. A shekarata ta biyu a sana'a na bi wani ango da abokansa da suka yi hawan angwanci a kan dawakai. Rana ta take, haske ya yi yawa, ba ni da baƙin gilashin da ake ɗaura wa kyamara a irin wannan lokaci, sai na ƙure saurin ƙyaure zuwa ɗaya cikin dubu. Kowane hoto ya fito tar, har gashin wutsiyar doki za ka ƙirga. Da na kunna bidiyon a gida sai na ga dawakan suna tafiya kamar ana fizgar su da igiya, tsalle-tsalle, ba sukuwa ba. Na cire dishi-dishin, na cire motsin tare da shi. Tun daga ranar, in ina ɗaukar hoto 25 a sakan, ƙyaurena na kan ɗaya cikin 50, ko ana ha-maza-ha-mata.

Talabijin kuwa da nata lissafin ta taso, kuma daga wutar lantarki ta samo shi. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a sakan, irin ta Ingila da sauran Turai, saboda haka tashoshinmu suka ɗauki tsarin da ke aiko rabin hoto sau 50 a sakan. Amurka mai wuta sau 60 ta ɗauki 60. Kyamarar gidan talabijin tana kama motsi sau 50 ke nan, ninki biyu na fim har da ɗori. Shi ya sa labarai, ƙwallo, da diramar gidan talabijin suke da wani sulɓi da kusanci, kamar kana leƙe ta taga. Fim kuma yana da ɗan nauyi, ɗan nisa, kamar mafarki ko labarin da ake ba ka. Ga wani abin dariya da na gaya wa Kawu bai yarda ba: a ƙasashe masu 50, in za a sa fim a kaset ko a tasha, ƙara masa gudu ake yi daga 24 zuwa 25 don lissafi ya daidaita. Fim ɗin Indiya mai awa uku yakan rage kusan minti bakwai, muryoyin mawaƙan su ɗan ƙara siranta. Ya ce shi dai bai taɓa jin an rage masa ko baiti ɗaya ba. Gaskiyarsa, ba a yanke komai ba, sauri aka sa su.

A nan ne nake ganin namu labarin ya sha bamban da na Turawa. Su suna kiran wannan sulɓin da sunan diramominsu na rana, waɗanda kamfanonin sabulu suka fara ɗaukar nauyinsu, kuma zagi ne a bakinsu, ma'anarsa abu mai araha. Mu kuwa finafinanmu na Hausa da kyamarar bidiyo aka haife su. Tun daga Turmin Danya a 1990, wanda aka fi ambata a matsayin na farko, har shekaru masu yawa bayansa, da kyamarar kaset ake ɗauka, motsi sau 50. Kafin su akwai Samanja da Karkuzu da sauran diramomin tasha, su ma haka. Idon Bahaushen da ya taso a wancan zamani harshe biyu ya iya ba tare da ya sani ba: in hoto ya yi sulɓi, na gida ne, mutanenmu ne, unguwarmu ce, in ya yi nauyin nan na silima, daga nesa ya zo. Kawu ba cewa ya yi hoton ya yi muni ba. Cewa ya yi an ɗauko masa Kashmir an ajiye a bayan gidansa, shi kuwa ba don ya ga bayan gidansa yake biyan kuɗin tikiti ba. Ai da can ma dodon bango mutanen Kano suke kiran silima. Dodo kuwa in ya fito tsakar rana kowa ya ga ɗinkin rigarsa, ya tashi daga dodo.

To me ya kai masu ƙera talabijin taɓa abin da ba a aike su ba? A yi musu adalci, matsala ce ta gaske suka tarar. Tsohuwar mai doro ba ta riƙe hoto. Wani tsinken haske ne ke share gilashin daga sama zuwa ƙasa, kowane gurbi ya haska na ɗan ƙiftawa ya mutu, sai an zagayo. Mafi yawan lokaci gilashin duhu ne, ido ne ke cike gurbin. Wannan walƙiyar ita ke gajiyar da ido, amma ita ke sa abin da ke gudu ya fito tsaf. Ta bango kuwa in ta ɗora hoto sai ta riƙe shi cur har na gaba ya iso. A kan 50, kashi ɗaya cikin 50 na sakan ke nan hoto na tsaye wuri guda. Idonka kuma ba ya tsayawa, yana bin ɗan wasan da ke gudu a hankali ba yankewa. Ido na tafiya, hoto na tsaye, sai hoton ya shafe a cikin idon naka. Dishi-dishi iri biyu ke nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su: akwai wanda mai kyamara ya sa a cikin hoto da gangan, akwai wanda gilashin bango ke haifarwa a idon mai kallo. Duba rubutun da ke gudu a ƙasan labarai a talabijin mai araha, za ka ga na biyun.

Hanya biyu suka samo. Ta farko a riƙa cusa baƙin hoto tsakanin hotuna, a kwaikwayi walƙiyar mai doro. Tana aiki, sai dai haske na raguwa, wasu kuma kansu na ciwo. Ta biyu a rage tsawon zaman kowane hoto, wato a ƙara yawansu, a kai 100 ko 120 a sakan. Amma ina za a samo su, tunda 24 ko 25 aka ɗauka? Sai talabijin ta ƙirƙiro.

Yadda take yi ba sihiri ba ne. Takan riƙe hoto biyu, na yanzu da na gaba, ta yayyanka su ƙananan murabba'ai, ta nemi inda kowane murabba'i ya koma, sannan ta zana inda take zaton yake a tsakani. Kamar a ce an ga mutum a Kano da hantsi, an gan shi a Kaduna da la'asar, sai ka rantse da azahar yana Zariya. Galibi ka canka. Amma wata rana a Kwanar Ɗangora ya tsaya cin balangu, ya rama tafiyar da gudu, kai kuwa ka riga ka zana shi a Zariya. Yi lissafin da kanka: daga 25 zuwa 50, rabin abin da kake kallo zato ne. Daga 25 zuwa 100, uku cikin huɗu. Daga 24 zuwa 120, hoto huɗu cikin kowane biyar babu kyamarar da ta taɓa ganinsu, babu daraktan da ya amince da su. Wani ɗan guntun ƙarfe ne a bayan gilashi ya zana su a cikin ƙiftawar ido.

Inda zaton ke karyewa na san shi sarai, domin a bidiyon biki duk abubuwan da ke rikita ta sun taru. Ba ta san abin da ke bayan hannu ba kafin hannun ya gusa, sai ta lafta wani abu kamar ruwa-ruwa a kewayen duk wanda ke motsi, irin hayaƙin zafin da ke tashi a kan kwalta. Zane mai maimaita kansa yana ruɗa ta, ta rasa wane fure ne ya koma ina. Atamfa da leshi kuwa ba su da aiki sai maimaita fure. Ƙaramin abu mai sauri yakan ɓace mata gaba ɗaya ko ya rabu biyu.

Bara wata Hajiya, uwar amarya, ta kira ni da faɗa kwana uku bayan na kai mata aiki. Ta ce, "Malam, kuɗinka na biya cas, ka kawo min bidiyon da hannun ƙawayena ke narkewa?" Na duba a kwamfutata, lafiya lau. Na duba a waya, lafiya lau. Na hau babur na je gidan. A ƙatuwar talabijin ɗinta, wajen da ƙawaye suka zagaye amarya suna liƙi, takardun kuɗi na tashi sama suna juyawa, sai ka ga ɗari biyar ta zama biyu ta koma ɗaya, hannu mai lalle ya haɗe da mayafin ta kusa da ita, ashobin mutum goma ya zama kamar ana dama kunu. Na karɓi rimot na kashe abin, hannaye suka dawo hannaye. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "To ai da ɗin ya fi kyau, in ban da narkewar." Ban da amsa. Na mayar mata shi kan mafi ƙanƙanta, muka rabu a haka. Tun daga nan, duk wanda na kai wa aiki sai na tambaye shi a wace talabijin zai kalla.

Maganar Hajiya ba ta bar ni ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Ba kowa ne ke ƙin sulɓin ba. A ƙwallo ma ni kaina ina son sa daidai gwargwado. Ƙwallo da ma a kan 50 ake ɗauko ta, babu wani mafarki da ake son karewa, so kake ka ga lambar rigar ɗan wasa yana tsaka da gudu. Idan talabijin ta ninka 50 zuwa 100, tazarar da za ta yi zato a kai gajeriya ce, kuskurenta kaɗan. Duk da haka a gidan kallon unguwarmu na sha ganin ƙwallo ta yi walƙiya ta ɓace in mai tsaron gida ya doka ta sama ta bi ta gaban 'yan kallo, yara su ce "network ne". Ba ruwan network, talabijin ce ta rasa ƙwallon a cikin kawunan mutane.

Masu fim na Amurka sun daɗe suna kuka da abin. A Disambar 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie suka fitar da wani gajeren bidiyo, suna roƙon mutane su shiga saitin talabijin ɗinsu su kashe shi kafin su kalli fim. Ka ji fa, mutumin da ke rataye a jikin jirgin sama don a ɗauke shi, ya dawo yana koya wa mutane danna rimot. A Agustan 2019 ƙungiyar UHD Alliance, wadda ta haɗa masu ƙera talabijin da kamfanonin fim, ta sanar da wani saiti mai suna Filmmaker Mode, da goyon bayan irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan. Danna shi sau ɗaya yana kashe ƙirƙirar hotuna da sauran kwalliyar da talabijin ke yi wa hoto ba da izini ba. LG da Panasonic na cikin na farko da suka karɓa, Samsung ta biyo baya.

Sai dai kada mu cika baki, mu masu cewa zaton na'ura ne kaɗai matsalar. A 2012 Peter Jackson ya fitar da The Hobbit da hoto 48 a sakan, na gaske, kowanne kyamara ce ta ɗauke shi, ba na zato ko ɗaya. Mutane da yawa suka fito daga silima suna faɗin abin da Kawu ya faɗa: gemun jabu ne, dutsen kwali ne, kamar dirama. Ang Lee ya kai har 120 a finafinai biyu, a 2016 da 2019, bai samu mabiya ba. Ashe wani kaso na abin sabo ne tsagwaronsa. Shekara ɗari ana shayar da ido 24, ya ɗauka haka labari yake kama. Yaran da suka taso da wasan kwamfuta mai 60 ko 120, wataƙila su 24 ɗin ce za ta yi musu kama da abin da ya lalace. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ban cire kaina daga wawayen ba. Abin da na tsaya a kai shi ne: Peter Jackson shi ya zaɓi 48 ɗinsa, ya haska fitilunsa ya shirya kayansa da sanin haka, in ya faɗi shi ya faɗi. Wanda ya yi fim ɗin Kawu kuwa ya yi dutsen kwali ne da sanin cewa 24 da dishi-dishi za su rufa masa asiri. Shekara hamsin bayan haka wata na'ura ta zo ta yaye masa zane a kasuwa.

Kuma a kunne abin yake zuwa daga kwali a mafi yawan talabijin, ba mai tambayarka. Dalilin a shago yake. Ka shiga inda aka jera guda ashirin a bango, duk suna nuna furanni da ruwa na zuba a hankali, wadda ta fi haske da sulɓi ita ke kama ido. Mai saye minti biyu yake kallo, ba awa uku ba. Sannan ga lambobin jikin kwali. Za ka ga an rubuta 120 ko 240 da manyan baƙaƙe tare da wata kalma mai daɗin ji ta kamfanin, alhali gilashin kansa sau 50 ko 60 yake iya sauya hoto; sauran lissafin talla ne. Ta Kawu ma haka take. In za ka saya, nemi ainihin adadin gilashin a cikin takardar bayani, kada ka bi na goshin kwali.

Ga wanda yake son ya duba tasa: kowane kamfani da sunan da ya laƙaba wa abin, kamar da gangan don kada a gane. LG na ce masa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus, a sababbinta kuma yana ƙarƙashin Picture Clarity, Panasonic Intelligent Frame Creation. Sauran ma dai ka nemi duk inda aka rubuta Motion a cikin saitin hoto, galibi can ƙasa inda aka ɓoye na ƙwararru. In taka na da Filmmaker Mode, ka huta. Wasu suna ba ka ma'auni biyu, ɗaya na rage dishi-dishi, ɗaya na rage ɗingishi, wato ɗan tsalle-tsallen da hoto ke yi in an ja kyamara gefe. Na ɗingishin shi ne mai mayar da fim dirama, shi za ka sauke. Ka tuna da yawansu kowace kafa da nata saitin: ka gyara na dikoda, na filashi na nan yadda yake. Masu wasan ƙwallo a PlayStation kuma su sa Game Mode. Talabijin ba ta iya zana hoton tsakiya sai ta jira na gaba ya iso, wannan jiran ne ke sa ka danna a buga, ɗan wasanka ya tsaya tunani har a ƙwace.

Na karɓi rimot a hannun Kawu na kashe abin gaba ɗaya, na mayar da waƙar farko. Bai ce komai ba. Ya gyara zama, ya tura hularsa ƙeya. Yarinyar ta juya, gyalenta ya bi iska ya shafe yadda ya kamata ya shafe, dutsen ya koma dutse. Sai na ji yana bin waƙar ƙasa-ƙasa, da Indiyancin da babu Ba'indiyen da zai gane.

Ba a yi minti goma ba ya ɗaga hannu. Kyamara ce ta bi jirgin ƙasa a hankali daga hagu zuwa dama, turakun waya na wucewa.

"Tsaya. Me ya sa yake ɗingishi? A Plaza ba ya haka."

Na ce, "Kawu, yana yi, ba ka lura ba ne."

"Kai yaro, ni za ka gaya wa Plaza?"

Mu duka biyu muna da gaskiya, shi ya fi ni. Ɗingishin na cikin 24 tun asali, duk mai ɗaukar fim ya san in ya ja kyamara gefe da sauri sai ya fito. Amma majigin silima hoto mai laushi yake jefawa, mara haske sosai, a fili mai duhu, yana kuma haska kowane hoto sau biyu da duhu a tsakani. Talabijin ta yau ta ninka shi haske nesa ba kusa ba, gefunan komai kamar wuƙa, ga ta kamu huɗu daga hancinka. Duk ƙarin haske da kaifi ƙarin bayyanar ɗingishi ne. Masu tsadar ma, irin OLED, da yake suna sauya hoto nan take ba jan ƙafa, sun fi nuna shi. Wato abin da Kawu ya gani a 1975 babu saitin da zai dawo da shi cif. Kashewa gaba ɗaya ma ba Plaza ba ce.

Na koma cikin saitin, na ɗaga ma'aunin ɗingishi zuwa biyu cikin goma, na rage hasken gilashin, na tashi na kashe ƙwan falon. Muka sake bin jirgin. Ya ce, "To, haka. Bar shi haka, kada ka ƙara taɓawa."

Muna cikin haka Umma ta shigo da tuwo, ta tsaya tana kallon bangon. Ta ce, "Wa ya dusashe mana talabijin? Ɗazu da rana tar take, kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum." Ita shirye-shiryen Hausa take bi a dikoda, kuma sulɓin ya yi mata daidai, da shi ta saba tun zamanin kaset. Kawu ya ce ai yanzu ne ta gyaru, ta ce a wajenka ba. Allah ya taimake ni kafar dikoda daban take da ta filashi, sai na bar wa Umma tata yadda take so, na bar wa Kawu tasa, na rubuta matakan a bayan wata takardar magani na manna a jikin rimot da salatif.

Ran Talata da safe ya sake kira. Wani daga cikin jikokin ya shiga neman katun, ya danna abin da ya mayar da komai yadda ya fito daga kwali, takardar kuma an ɓalle ta an yi jirgi da ita. Na ce zan biyo bayan isha'i in na dawo daga wani kamu a Gwammaja. Ya ce in taho da salatif mai ƙarfi.